'Yar Ajin da Ba a Sani Ba

Safiyar jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wato bak, wata ɗaliba ta tarar da wani ɗan ajinsu tsaye a ƙofar makarantar lise a Tasawa, yana ta leƙen hanyar Kona.

Tun farkon shekara yaron nan yake ɗaure mata kai. A ajinsu na ƙarshe, wato tarminal, kowa ya faɗi burinsa, ita likita, wani ɗan duwan, wato kwastan, wata aikin jarida a Yamai. Shi kuwa in an tambaye shi, murmushi kawai yake yi. Ba ya tsayawa bitar yamma, ana tashi zai haye kekensa. Kuma ko ya fi kowa gane darasi, sai ya ɗaga hannu ya ce wa malami, "Mushe, a sake mana, a hankali."

Yau kam ta kasa haƙuri.

"Wa kake jira?"

"'Yar ajinmu," ya ce.

"Ai duk sun shiga."

Sai ga babur ya sauke wata mata da za ta haura arba'in. Yaron ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, don Allah ban da gaggawa. Ki karanta tambaya sau biyu."

Matar ta lura da yarinyar ta saki baki, ta yi dariya.

"Ina tarminal na samu cikinshi, na aje karatu. Bana kullum da yamma shi ne malamina."

Aka kaɗa ƙararrawa. Suka bi layi, uwa a gaba, ɗa a baya, yana gyara mata riƙon biron bik.