Karas ɗin Ɗan Lukuti

Mai shago ba ya son a taɓa masa zancen jikin ɗansa. Yaron ko firamare bai gama ba, amma yadin babban mutum tela ke yanka masa. Ɗan Lukuti ake kiransa, uban kuwa sai washe baki.

"Jikin hutu ke nan," yakan ce. "Ni da yunwa na tashi, nawa ba zai san ta ba." Kullum da safe sai ya cika masa jaka da biskit, alawa da lemon kwalba daga kan kanta.

Da makarantarsu ta buɗe lambu a bayan azuzuwa, aka ba kowane yaro ɗan fili. Ɗan Lukuti ya shuka karas da latas. Yana ɗiban ruwa yana haki, amma ba ya fashi. Har wandonsa ya fara yi masa yawa.

Ranar da ya kawo girbin farko gida, uban ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan fa?"

"Baba, ni na shuka. Malama ta ce mu riƙa ci maimakon biskit."

"Ganye? Akuya na haifa?"

Ya fizge ya watsa a kwata. Washegari ya dira makarantar.

"Malama, karatu na kawo shi ko ƙwadago? Kin ramar min da yaro, so kike a ce na karye?"

"Malam, ƙibar nan ba lafiya ba ce. Ko gudu ba ya iya yi."

"Ki haifi naki ki ba shi ciyawa!"

Daga ranar, yara na lambu, Ɗan Lukuti na aji shi da jakarsa. Jiki ya dawo har ya zarce. Ya fara yawan ƙishirwa da fitsari, uban ya ce zafi ne, ya ƙara masa lemo.

Wata safiya ana layin taron ɗalibai a makaranta, yaron ya yanke jiki ya faɗi.

A asibiti likita bai sassauta ba. "Ciwon sukari ne. Daga yau magani da allura. Wai me kuke ɗura wa yaron nan?"

Yaron ya buɗe ido da ƙyar.

"Baba, idan na warke, za ka bar ni in koma lambu?"

Jama'a, ƙibar yaro ba shaidar arziki ba ce. Wanda ya hana ɗansa motsa jiki da cin kayan lambu don a yaba masa, da hannunsa yake sayo masa cuta.