Masarar Baba Sylvanus

Karo na huɗu ke nan yau da Baba Sylvanus ya kira layin taimakon manoma daga Rido. Vicky ce ta sake ɗauka.

"'Yata, ganyen masarar nan sai ƙara yin rawaya yake."

"Na gaya maka taki take so, Baba," ta ce, haƙurinta ya fara ƙarewa. "Faɗa min girman gonar, in gaya maka buhu nawa za ka saya."



"Kara uku ne, a cikin bokiti. Ranar da aka ƙone ƙauyenmu bara, matata ce ta cusa min irin a aljihu. Ta ce in yi gaba, tana zuwa. Ba na so ta iso ta tarar sun bushe."