Faifan Yaya a Motar Baba

Ina ɗan shekara tara Yaya Bashir da abokansa suka naɗi faifansu na farko na kiɗan rok, a ɓoye, a unguwarmu Karantina, a ƙasar Larabawa. Baba kuwa ya sha rantsewa duk ɗan da ya taɓa jita zai bar masa gida.

Wata la'asar Baba ya ɗauko ni daga makaranta. Hannunsa ya kai kan rediyon mota, sai jita ta ɓarke da kuka. Ashe Yaya ya manta faifan a ciki. Muryar Yaya ta shigo, Larabci da Hausa a cakuɗe.

Baba ya gangara gefen titi a unguwar Bagdadiyya, ya tsaya yana saurare har waƙar ta ƙare.

"Bashir ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

Ya murza idonsa. "Muryar mahaifina ce sak. Halas, shi ke nan, ya daina ɓuya. Amma mai gangar nan ya rage sauri."

Jiya na sake sauraron faifan. Naɗin duk ƙara ne, unguwarmu ma an rushe ta, amma waƙar farko na ƙarewa na ji na sauke ajiyar zuciya, kamar ina cikin motar Baba.