Wuyan Ɓauna a Tukunyar Gayya

Ka ce abokan aikinka sun taso ka gaba, wai ka cika nawa, ka sakar musu aikin ko bai nuna ba. To gyara zama. Ni ba gwanin dogon wa'azi ba ne, misali ɗaya zan ba ka.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wata mata mai noman gonar aro. Ƙa'idar garin kuwa kowa ya san ta: gonar aron da ciyawa ta cinye har aka ci kasuwa uku ba a nome ta ba, mai unguwa zai karɓe ya ba wani. Matar nan ta kwanta ciwo a tsakiyar damina, kafin ta miƙe kasuwa biyu sun wuce, ciyawa ta shaƙe dawa, masu kwaɗayin gonar har sun fara zagayawa suna auna ta da ido. Ba ta da mafita sai gayya, ita kuwa gayya da tukunya ake kiranta, ga shi gidan ba akuya ba kaza. Ana cikin haka maharbin garin ya kashe wata tsohuwar ɓauna, aka yi rabo gida-gida yadda aka saba. Masu faɗa a ji suka kwashe cinya da gadon baya, ita kuwa aka aiko mata da wuya da ƙwauri, jijiya zalla. Rabon nan ɓata mini rai yake duk lokacin da na zo kansa. Su masu cinyar ma ba su ji daɗinta ba, don gaggawa ta ci su. Suka hura wuta ganga-ganga, suka zabga kanwa wai don naman ya yi saurin laushi. Bayansa ya yi santsi, cikinsa kamar ƙirgi, romon ya yi ɗaci, a ranar karnukan garin suka yi sallah. Maƙwabta suka yi ta ba matar nan shawara, wai ɓaunar nan ba ta dafuwa, kada ta tara maza ta kunyata kanta. Ta ji su, ta aika a kira gayya.

Ranar gayya tana idar da sallar asuba ta tona rami a gefen gonar, ta zuba garwashi, ta bi shi da ƙaiƙayin gero, wanda ke ci a hankali ba ya tashi. Ta jera naman a tukunyar ƙasa da daddawa da albasa da citta da barkono, ko ƙwayar kanwa ba ta sa ba. Ta kawo jar shinkafar daji mai taurin tsiya, wadda ta kaɗo a bakin tafki bara, wadda mutanen garin ke kira abincin tsuntsaye, ta zuba a kai. Ta kifa kasko, ta liƙe bakin da laka, ta binne tukunyar har wuya. Maza suka iso da garemani, aka kama aiki. A al'ada da azahar ake sauke wa 'yan gayya abinci. Azahar ta yi, ba hayaƙi, ba ƙamshi, sai tudun toka. Gunaguni ya tashi, wani ƙato ya nufo ramin zai fasa lakar da ƙotar garmarsa. Matar nan da ko ƙwarin kirki ba ta gama yi ba ta ɗauki muciya ta tsaya a kan tukunyar.

Ta ce, "Malam, ja da baya. Gonar da za a ƙwace tawa ce, ba taka ba. In na buɗe yanzu ƙirgi za ku tauna, ku tafi kuna zagina. Mai tafiya ga hanya nan, amma wallahi ba mai fasa lakar nan sai la'asar."

Rabinsu suka saɓa garemani suka tafi. Kada ka ɗauka ba ta ji tsoro ba. Ta ji, don tana kallon gonarta na fita daga hannunta da kowane mutum da ya juya baya. Amma ba ta taɓa lakar ba. Ta ari fartanya ta shiga cikin dawa, waɗanda suka rage kuma suka kasa barin mai jinya tana noma su suna zaune. Da la'asar ta yi ta wanke hannu ta fasa. Ƙamshi ya bugi gonar har bakin hanya. Nama ya saki ƙashi da kansa, jijiyar nan duk ta narke ta yi romo mai kauri, shinkafar ta fashe ta sha mai, tsoho marar haƙori ma sai da ya nemi ƙari. Waɗanda suka yi fushi suka dawo suna sosa ƙeya. Ba ta kore su ba, ba ta kuma lallashe su ba, ta dai nuna musu inda kowa ya yar da aikinsa, ta ce a gama sannan a wanke hannu. Kafin rana ta faɗi gonar ta yi tas. Ranar kasuwa ta uku mai unguwa ya zo tare da wanda ya yi wa alkawarin gonar, ya zagaya ta sau biyu yana neman ciyawa, bai samu ba, ya ce mata sannu da aiki, suka juya.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke nufi da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.