Likitan Da Modibbo Ya Ƙi

Kwana na shida ke nan Modibbo Bobboyi bai zagaya ba, kuma Sista Rhoda ta gaji da lallashi.

Tun ranar Juma'a aka kawo shi daga ƙauyen Bako a bayan motar itace, ciki ya kumbura kamar an hura salka. Hoto ya nuna ƙari ne ya toshe babban hanji. Magana ɗaya ce: a yanka, a cire, ko kuwa dattijon nan ba zai ga watan gobe ba.

Sai aka yi dace. A daminar nan ta 1971 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta turo likitan hanji daga Maiduguri ya yi kwana huɗu a asibitinsu na Jimeta. Dakta Jibrilla Yola sunansa, ya yi karatun tiyata a ƙasar waje, kuma ranar Alhamis zai koma. Rhoda, wadda wata biyu kacal da aka sauya mata wurin aiki daga Numan, ta kai wa Modibbo labarin da murnarta.

Ya juya fuska bango. "Ban da wannan. A nemo wani."

Wane wanin? Akwai wani Bature a asibitin mishan can ƙetaren Binuwai, amma kogi ya cika ya batse, hanyar ma ruwa ya cinye ta. Akwai Kano, tafiyar da mai lafiya ma sai ya kwanta bayanta. Rhoda ta zayyana masa wannan duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa yaro ƙirga. Modibbo ya ce a kai shi wurin Baturen.

Nan ranta ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya da samun 'yancin kai, har yanzu mutum bai yarda da wuƙa ba sai a hannun farar fata! Ko sunan likitan ba ya iya faɗa, sai "wannan", sai "mutumin naku", kamar sunan zai ƙona masa baki.

Likitan ma bai taimaka ba. In ya zo zagayen safe, kowane gado yana tsayawa, yana taɓa ciki, yana tsokanar majiyyata har su yi dariya. Da ya kusa gadon Modibbo sai murya ta mutu. Ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai, ya karɓi katin daga hannun Rhoda ya karanta, ya fice. Ta ɗauka labarin ƙin da aka yi masa ya kai kunnensa, shi ya sa yake fushi. Sai dai mai fushin nan sau biyar a wuni yake aikowa a tambaye ta zafin jikin mai gado na tara, wato Modibbo.

Ranar Talata ta tare matar Modibbo, Gogo Yelwa, a baranda tana dama kunun da mijinta ba zai iya sha ba.

"Gogo, ba ku da ɗa namiji da zai yi mishi magana?"

"Akwai babban."

"Yana ina?"

"Yana nan gari."

"To a kira shi mana! Ubanshi na mutuwa."

Gogo ta ci gaba da juya ludayi. "Ya sani, Sista. Ki yi haƙuri."

Ya sani! Rhoda ta koma ciki tana huci. Ta ga 'ya'ya iri-iri a aikin nan, amma ba ta taɓa ganin wanda yake gari ɗaya da ubansa, ya kasa tako ƙafa ya zauna bakin gadonsa ko na minti biyar ba. Ta tsani mutumin tun ba ta gan shi ba.

Laraba da azahar Modibbo ya fara amai mai wari, idanu suka faɗa. Rhoda ta ajiye ladabin da aka koya mata a makarantar jinya, ta durƙusa daidai kunnensa.

"Baba, gobe da safe motar Maiduguri za ta tashi. In ta tashi da likitan nan, wallahi likkafani za a saya. Ka zaɓa."

Modibbo ya ɗaga ido ya kalli rufi. Hawaye ya gangaro ya shige gemu, abin da ya ba ta mamaki ga mutumin da kwana shida bai yi ko nishi ba.

"A sa ni barci kafin ya shigo," ya ce da ƙyar. "A rufe ni da zane, a bar inda zai yanka kawai. In na farka, kada in same shi a ɗakin."

Aka shiga gudu. Sai ga sabon cikas: takardar yarda da tiyata. Hannun Modibbo ba ya iya riƙe alƙalami, Gogo kuwa ta noƙe, ta ce ita ba ta shiga gaban babban, shi ne mai sa hannu.

Rhoda ta fizgi takardar, ta banka ƙofar ɗakin tiyata. Dakta Jibrilla na tsaye gaban famfo, bai ma fara wanke hannun ba, ya dafa bakin kwamin da hannu biyu.

"Likita, ka ga halin mutanen nan! Ya yarda, yanzu kuma an ce sai wani ɗan banzan ɗansa ya sa hannu, wanda ko leƙowa bai yi ba. Ni a ina zan samo shi?"

Ya saki kwamin ya juyo. Ya zare biro daga aljihunta, ya karɓi takardar ya dafa ta a bango. Ya sa hannu a layin dangin majiyyaci, a gurbin dangantaka kuma ya rubuta: ɗansa na fari.