Wanda Ya Sayi Gidan Baba

Naushi na biyu ne ya fasa wa Wen-hsiung baki. Ya zube cikin lakar da ambaliyar bana ta bari a gaban teburin bautar kakanni.

"Gidan Baba ka sayar, ɗan banza?" Yayansa Chin-tu ya shaƙe shi, ya maka masa sabon fasfo a fuska. "Saboda wannan?"

"Yaya, teku na cinye yankinmu na Pingtung! Gida na saya mana a ƙasar waje, har da takardar zama ɗan ƙasa. Kan tudu yake, cikin itatuwa. Na ga hotonsa."

"Ka tambayi Baba?"

Wen-hsiung ya tambaya kam, tun kafin cinikin. Ya kunna turare, ya jefa itacen ƙuri'a gaban allon da ke ɗauke da sunan marigayi Baban, ƙuri'a ta ce a'a. Ya sake jefawa, a'a. Sai ya ce me matacce ya sani game da ambaliya.

Chin-tu ya suri kaskon turare zai rotsa masa kai, sai aka yi gyaran murya a ƙofa. Wanda ya sayi gidan ne, wani baƙo, hannuwansa duk tabon ƙuna, matarsa na yi masa tafinta.

Ta tsinci fasfon, ta goge lakar. "Af, ƙasarmu za ku? Wane gari?"

Wen-hsiung ya faɗi sunan garin, yana tofar da jini.

Ta dubi hannuwan mijinta.

"Garinmu ke nan. Tun bara wutar daji ta mayar da shi toka. Shi ya sa muka nemi inda akwai ruwa."