Kumurci a Rumbun Dawa

Kumurci ya tofa mini dafi a ido ina ɗan shekara takwas. Baba ne ya zura ni cikin rumbu in miƙo masa damin dawa, ashe macijin yana ƙarƙashin damin. Da aka fizgo ni waje ba na ganin komai, sai zafi kamar barkono. Inna ta cire ƙanwata daga nono, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta.

"Buɗe, ɗan nan! In ka rufe, ka rufe ke nan."

Na buɗe. Ta tatsa mini nononta mai ɗumi a ciki. Idon hagu ya mutu, na dama ya tsira. Har ta rasu ban yi mata godiya ba. Yanzu ina noma a Gezawa da idon da ta ƙwato mini.